Jar Buta

A shekarar da sojoji suka koma bariki kowa a Kano ya zama wani abu. Mai sayar da taya a layinmu ya zama kansila, wani malamin firamare ya zama sakataren jam'iyya har ya daina hawa kekensa, ni kuma na zama injiniyan kwamfuta. Ba wanda ya naɗa ni, ni na naɗa kaina. Abin da na mallaka shi ne difloma ta 'yan watanni da kujera a shagon Madam Rebecca a Gyadi-Gyadi, bakin titin Zariya, inda nake buga wa mutane takardun neman aiki da katin biki, in yi fotokwafi idan an kawo wuta. Amma da za ka tare ni a lokacin ka tambayi sana'ata, sai na gyara wuyan riga na ce maka firogiram nake rubuta wa kwamfuta. Ko keke ban iya da kyau ba, balle mota, kuma gara a san wannan tun yanzu.

Kawu Ƙasimu ƙanin mahaifiyata ne. Shi ya ɗauko ni daga ƙauyenmu na wajen Kibiya ina ƙarami, na tashi a ɗakinsa da ke bayan gidan Alhaji Shehu a Tarauni, matarsa Inna Kulu tana cika ni da tuwo tana yi mini faɗan wanka. Direban Alhaji ne tun Alhaji yana da shagon siminti ɗaya tak. Farar Fijo yake ja, kuma in ta yi tari ya san dalili. Kullum da safe sai ya buɗe bonet ya zaro sandar mai ya goge da tsumma, ya mayar ya sake zarowa, ya leƙa ruwan lagireto, ya shusshuri tayoyi, sannan ya karya kumallo. A ƙauye ba a ce masa Ƙasimu, Direba ake ce masa, 'ya'yansa kuma 'ya'yan Direba.

Alhaji Shehu ya yi wa jam'iyya hidima da simintinsa da aljihunsa, don haka da aka kafa gwamnati sai aka saka masa da kujera a wata hukuma. Ban tuna aikin hukumar ba, kuma ina zaton shi ma bai matsa sai ya sani ba. Abin da ya dame shi shi ne motar da za a gan shi a ciki ranar rantsarwa. Ya aika Kwatano aka kawo masa wata baƙar mota 'yar Beljiyam, doguwa, mai canza giya da kanta, gabanta cike da maɓallai. Fijo kuwa ya kyautar da ita ga matasan jam'iyya. Motar na zuwa sai ga wani Lawan ya fara zarya a gidan, saurayi mai baƙin tabarau, wai ya taɓa tuƙa wani manajan banki a Kaduna. Ba wanda ya ɗauke shi aiki. Zuwa kawai yake ya gaishe da Alhaji, ya zagaya motar yana kiran sunayen abubuwa da Turanci.

Ranar da aka fita gwaji Alhaji ya zauna a gaba don ya gane wa idonsa. Tuƙin bai ba Kawu wahala ba, in ban da ƙafarsa ta hagu da ta yi ta laluben kulocin da babu shi. Matsalar ta zo ne da Alhaji ya ce a kunna esi. Kawu ya dubi maɓallan nan, ya yi bismilla ya danna wanda ya fi kusa. Sanyi bai zo ba. Kafin su kai Unguwa Uku Alhaji ya fara mutsu-mutsu, yana ɗaga gefe ɗaya yana sauke ɗaya, gumi na keto masa. Ashe Turawa saboda sanyin ƙasarsu har kujera suke sa wa hita, kuma shi Kawu ya kunna, a Kano, da tsakar rana.

Da suka dawo gida Alhaji bai yi faɗa ba. Cewa ya yi, “Ƙasimu, mun daɗe tare, ba zan ɓoye maka ba. Motar nan ba Fijo ba ce, kuma ranar rantsarwa manya za su gan ni. In za ka iya, bismilla. In ba za ka iya ba, ga yaron nan Lawan, kai kuma a samo maka wani abin yi a gida.”

Daga nan aka lulluɓe motar da tamfol, makulli ya koma aljihun Alhaji, ya ce ba mai sake taɓa ta sai ranar.

Washegari Kawu ya zo shagonmu, abin da bai taɓa yi ba. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, Madam ta ce ya mayar, ya ƙi. Ya zaro wani littafi daga cikin leda, wanda aka samu a akwatin gaban motar, ya ajiye a kan teburina.

“Inuwa, an ce komai na cikin nan. Karanta mini.”

Tunda nake da shi bai taɓa roƙona komai ba. Na ji tausayinsa ya kama ni, na kuma ji daɗi, kuma in za a auna ina jin daɗin ya ɗan fi nauyi. Na buɗe ɓangaren Turancin Ingilishi na fara fassara masa da muryar masu karanta labarai. Ban gama bayanin bel ɗin kujera ba na ji minshari. Muka sake gwadawa kashegari, ya kai shafin madubi. Mutumin da bai yi boko ba, kuma duk abin da ya sani a duniya da hannunsa ya koya, ni na zaunar da shi ina yi masa lacca.

Dabara ta zo mini ne da na bi ta majalisarsu a Tarauni na tarar da shi yana dara. Mutumin nan da barci ke sacewa a gaban littafi, ga shi a tsugunne ido tar, yana rantsuwa ba mai tashi sai ya rama cin da aka yi masa. Kawu yana iya yafe maka komai, ban da ci a wasa. A nan tsaye na yanke shawarar zan mayar masa da motar wasa.

Madam Rebecca 'yar Kagoro ce, tsohuwar malamar makaranta, kuma ba ta yarda da duk wani abu da na kira dabara ba. Ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, “Ka yi. Amma in kwastoma ya shigo ka tashi, in kuma ka ɓata mini kwamfuta, kai da kawunka ku nemi mai raba mu.”

Na zana gaban motar kaf a kwamfuta, maɓalli bayan maɓalli, ina kwafa daga hotunan littafin. Sitiyarin ya fito kamar faifan tuwo, amma ana gane shi. A sama na sa titi, layi biyu da ke ta gudu suna nufo ka. Tunda Kawu ba zai karanta rubutu ba, na ari makirfo na ɗauki muryata. Kana cikin tafiya sai ka ji na ce, “Ruwa ya sauko!” sai ka nemi waifa ka danna. Ko in ce, “Gilashi ya yi hazo!” ko “Duhu ya yi, ga mota na tahowa!” In ka dace ka sami maki, a yi maka tafi. Tafin ma ni ne, na ɗauki kaina ina tafawa na ninka shi ya zama na taro.

Sai kuma fitilun gaban direba, waɗanda a nan na fi zuba basira. Littafin ya ce rawaya na nufin ka ci gaba amma ka ga bakanike, ja kuma na nufin haɗari. A cikin jajayen akwai wata mai siffar butar shayi da ɗigo a bakinta, ta man inji, wadda aka yi wa rubutu da manyan baƙaƙe: ka tsaya nan take, ka kashe inji, kada ka ƙara taku ɗaya. Na ce to, ita ce sarauniyar wasan. In ta kama ba ka faka ka kashe mota ba kafin ƙararrawa ta gama, sai allon ya yi baƙi ƙirin, ka ji inji yana shure-shuren mutuwa, duk makinka ya goge, muryata ta ce, “Ka kashe mota!” Ƙarar mutuwar injin ta janaretan Madam ce, na laɓe na ɗauka ranar da mai ya ƙare masa. Na sa wa wasan suna San Motarka, na rubuta sunana a ƙasa da baƙaƙen da suka fi na sunan wasan girma.

Ranar farko maus ne ya ba mu wahala. Kawu ya kama shi da hannu biyu, ya ɗaga shi sama yana juyawa, in abu ya taso kuma sai ya taka ƙasa da ƙarfi yana neman birki. Sau ɗaya ya taka wayar wuta komai ya mutu, Madam ta kira sunan Yesu. Amma da hannunsa ya gane abin, shi ke nan. Ya fara zuwa kullum bayan ya kai yaran Alhaji makaranta a tasi, ya zauna ya karkata hula, yana amsa wa muryata kamar wani ne daban. “Na ji, na ji, ai ga waifar nan.”

Kafin a ce haka labari ya bazu. Lokacin kowane sabon kansila da mai ba kansila shawara ya sayi 'yar Beljiyam, direbobinsu kuma duk irin Kawu ne, mutanen Fijo da bas da a-kori-kura. Suka fara cika shagon, har da 'yan tasi da ba ruwansu da komai sai son kallo. Su suka raɗa wa fitilun sunaye. Ta inji suka ce injin markaɗe, ta jakar iska mai ƙwallo a cinya, ta mai kuwa buta kawai. Madam ta yi ta mita wai shagonta ya zama tasha, har ta lura kowannensu yana da lasisin da ke bukatar fotokwafi, sai ta ƙaro benci. Ni kuwa kaina ya kumbura. Na fara sa nakatayi. Na fara tunanin abin da zan faɗa idan 'yan jarida suka zo, har na tsara yadda zan nuna ba na son yabo.

Sau ɗaya tak Kawu ya kashe mota a wasan, kuma a gaban jama'a ne. Buta ta kama, ya yi tsaki ya ce, “Ai na duba mai da safe,” ya ci gaba da tafiyarsa. Allo ya yi baƙi, janaretan Madam ya yi shure-shurensa, muryata ta cika shagon. Direbobin nan suka kwashe da dariya har da masu riƙe ciki. Wani yaron bas da bai kai ɗansa ba ya ce, “Baba Ƙasimu ya kashe mota!” Maganar ta bi shi har masallaci da la'asar. Na ga fuskarsa a ranar, ba fuskar mai wasa ba ce.

Da mutane suka ragu ya ce, “Inuwa, in mutum ya duba mai da idonsa ya ga cike yake, sai kuma fitila ta ƙaryata shi?”

Na ce, “Kawu, motocin nan ƙwaƙwalwa gare su. Abin da take gani a cikin inji, sandar mai ba ta ganinsa. In ta ce ja, to ja ce.”

Wani ɗan tasi da ke kan benci ya sa baki. “Malam Inuwa, ni fa butar nan tun ranar da na sayi motata take kunne. Har Legas na je da ita. Baƙin salatif muke manna mata don kada ta dame mu da haske.”

Sauran suka ce ƙwarai, haka kowa ke yi, wasu ma ƙwan suke sa a cire. Na dube su ɗaya bayan ɗaya, na girgiza kai irin na mai ilimi a cikin jahilai. Na yi musu bayanin yadda irin wannan tunanin ya hana ƙasar nan ci gaba, na haɗa da mulkin soja, na haɗa da Jamus. Ɗan tasin ya ce Allah ya ba da haƙuri. Kawu kuwa na ga yana kallona da alfahari, ɗan da ya raina yana tsare manyan direbobi da magana. Daga ranar buta ba ta sake kamawa ya bar ƙararrawa ta gama ba, kuma ba wanda ya sake kamo makinsa a shagon.

Ana gobe rantsarwa Alhaji ya sa aka yaye tamfol ya gwada shi a tsakar gida. Ya ce esi, sanyi ya zo. Ya ce a buɗe rufin sama, ya buɗu, a rufe, ya rufu. Kawu har ya nuna masa wani maɓalli da ke kulle duk ƙofofi lokaci guda, wanda Lawan da kansa bai sani ba. Alhaji ya miƙa masa makulli ya ce a kai ta a wanke, ciki da waje har inji, yadda ake yi wa kowace mota in za ta fita biki. Inna Kulu ta aiko mini da dambun nama a kwano.

Da hantsi ranar rantsarwa na tsaya a ƙofar shago da nakatayina, don na san ta nan za su wuce. Tun daga nesa ake jin su. 'Yan acaba a gaba suna hon, baƙar motar a tsakiya tana sheƙi, bas biyu na magoya baya a biye da makaɗa a ciki. Na hango Kawu a bayan sitiyari cikin sabon kaftani, zaune cak. Na ce wa Madam, “Kin ga aikina.”

Ban rufe baki ba na ga motar ta sa sigina. Ta rage gudu, ta gangara gefen titi a tsanake, kusan daidai shagonmu, ta tsaya. Fitilu huɗu suka fara walƙiya. Inji ya yi shiru. Ko a wasan ban taɓa ganin an yi fakin mai kyau irin wannan ba, kuma abin da ya fara zuwa zuciyata ke nan. Bas ɗin baya suka ci birki suka gicciye, 'yan acaba suka juyo, nan da nan titin Zariya ya cushe. Na tsallaka da gudu.

Na iske Alhaji ya buɗe ƙofar baya, ƙafa ɗaya a waje, babbar riga ta sha aiki tana ƙamshin turare.

“Ƙasimu, lafiya?”

“Ranka ya daɗe, buta ce ta kama.”

“Wace buta?”

“Ta mai. Kuma ja ce.”

“Motar ce ta mutu?”

“A'a, ranka ya daɗe, ni na kashe ta tun ba ta lalace ba.”

“Ba ka duba mai da safe ba?”

“Na duba, cike yake.”

“To tayar mu tafi mana!”

“Ranka ya daɗe, ja ce.”

A iya sanina Kawu bai taɓa ce wa Alhaji a'a ba. Mutumin da in Alhaji ya ce a bi ta cikin kwata zai bi, ya wanke motar daga baya. Alhaji ya duba agogo, ya sake cewa a tafi, a wannan karon da muryar da yake yi wa lebura. Sai ga Lawan ya duro daga bas yana gyara tabarau.

“Alhaji, a ba ni makulli kawai. Wannan ai ba komai ba ne, yanzu in kai ka.”

Kawu ya zare makullin ya jefa a aljihun kaftaninsa, ya dafe aljihun da hannu.

“Ba za a kashe motar Alhaji ina kallo ba,” in ji shi. Sai idonsa ya faɗa kaina, fuskarsa ta saki. “Yawwa, ga Inuwa nan. Shi ya karanta littafin, a tambaye shi.”

Mutum mai hankali a nan zai ja kawunsa gefe ya raɗa masa ya tayar da mota, a yi maganar buta in an dawo. Ni gyaran murya na yi. Ga taro, ga makaɗa sun yi shiru, ga babban mutum yana saurare, abin da na daɗe ina jira. Na fara daga yadda mai ke zagaya inji. Na bambance masa yawan mai da ƙarfin harbawar mai, na kawo kalmomin Turanci na fassara su da kaina. Na ce a ƙasashen da suka ci gaba direban da ya yi abin da Kawu ya yi lambar yabo ake ba shi, abin da ban san inda na samo shi ba. Ina cikin bayanin famfon mai Alhaji ya ɗaga hannu.

“Kai Inuwa. Kai ka koya masa wannan?”

“Ni ne, Alhaji,” na ce, ina murmushi, don na ɗauka yabo ne ke tafe.

Ya dube ni, ya dubi Kawu, ya dubi titin da ayarinsa ya toshe gaba da baya, ko tasi ba ta da hanyar fita. Ya sake duba agogo. Sannan ya yafito wani ɗan acaba, ya tattare babbar rigarsa ya cusa tsakanin cinyoyi, ya hau, ya dafe hula da hannu ɗaya. Haka suka ratsa tsakanin motoci suka ɓace. An ce ya isa kafin a kira sunansa, amma a gaban duk manyan da yake so su gan shi ya sauka daga babur, gefen rigar ya sha baƙin hayaƙin salansa. Har yau akwai masu ce masa Honarabul na acaba in ba ya kusa.

Mu kuwa muka zauna gadin mota. Jama'a suka watse, Madam ta aiko wa Kawu da ruwa, ya karɓa ya riƙe bai sha ba. Bakaniken Alhaji ya iso bayan azahar. Ya zaro sandar mai ya duba, ya karɓi makulli ya tayar, ya kara kunne ya saurari inji. Butar na nan ja.

“Jiya an wanke inji, wataƙila ruwa ne ya shiga waya,” in ji shi. “Ko kuma halinta ne. 'Yan Beljiyam sai haƙuri.”

Na ce, “In kuma da gaske take fa?”

“In da gaske take ai za mu ji.”

Ya zaro baƙin salatif daga aljihu, ya yanka da haƙori, ya manna a kan butar, ya shafe da babban yatsa. Ya ja motar ya tafi da ita Tarauni. Ni da Kawu muka bi a bas.

Alhaji bai kore shi ba, kuma bai tashe shi daga ɗakin ba, don ba mugun mutum ba ne. Ya dai ce ba zai iya zama a bayan direban da zai ce masa a tafi ya tsaya yi masa fatawa ba. Makulli ya koma hannun Lawan. Maigadin gidan dama ya tsufa yana son komawa garinsu, sai aka ba Kawu bencinsa.

Ni dai har gobe ina nan a kan bakana, littafi ya ce a tsaya. Na sake karanta shafin ya fi a ƙirga, ba inda aka ce sai dai in ana sauri. Kullum motar na wucewa ta gaban shagonmu, ni kuma in miƙe in kasa kunne ko zan ji inji ya fara ƙwanƙwasa. Ba kyau mutum ya yi wa dukiyar wani fatan lalacewa, na sani, amma na yi, har cikin sujada na kusa yi. Motar nan ko tari. Ta je Abuja ta dawo, ta je Maiduguri ta dawo, ta fi ni lafiya. Direbobi kuma suka rage zuwa shago, waɗanda ke zuwa in buta ta kama sai su yi ihu, “Faka, faka, a kira acaba!” Madam ta mayar da bencin da ta ƙaro.

Na daɗe ban taka Tarauni ba. Kullum sai in ce aiki ya yi yawa, alhali kunya ce. Inna Kulu ce ta aiko a ce mini in ban zo ba ita za ta zo, kuma na san abin da zuwanta ke nufi, don haka wata Asabar da yamma na shirya na tafi.

Na same shi a kan benci a bakin get, da 'yar rediyo a gefe da kofin shayi. Ya rame kaɗan. Hannayensa na kan gwiwa, ba abin da suke yi, kuma ban saba ganinsu haka ba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da fara'a, ya tambayi Madam, ya tambayi kwamfuta kamar wata 'yar uwa. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Na zauna a gefensa ina ta neman ta inda zan fara.

Shi ya fara. “Inuwa, ina ta tunanin wasan nan naka.”

“Kawu, wallahi wasan daidai yake. Littafin da kansa ya ce…”

“Na sani. Ban ce ba daidai yake ba. Abu ɗaya ne ya tsaya mini, na ce in ka zo zan tambaye ka.” Ya juyo ya dube ni, ba da gatse ba, da gaske yake son ya sani. “In butar ta kama, ja, ga ƙararrawa na tashi, mai motar kuma yana baya yana cewa a tafi. Wanne ake dannawa?”

Motar da na zana sitiyari ce da maɓallai da titi. Ba ta da kujerar baya, kuma ko sau ɗaya bai taɓa zuwa raina in zana mata ba.

Yana nan yana jirana aka yi hon a waje.

“Bari in buɗe musu,” in ji shi.

Ya ajiye kofin, ya tashi da sauri ya zare sakata, ya tura ƙyauren get ɗin har bango. Sannan ya koma gefe ya tsaya, ya ɗaga hannu yana yi wa Alhaji barka da dawowa har motar ta gama shigewa.